Wutsiyar Magana

Ubana Arzika, ginar rijiya ce sana'arsa,
gaba arba'in cikin ƙasar Adar, can wajen Kalfu.
In ya yi kira daga ƙasa, "Ja igiya!"
maganar ba ta fitowa ita kaɗai.
Tana zuwa da ƙannenta biye,
waɗanda suka bugi bango suka makara,
sai "ja" ta haye bayan "igiya",
mu da ke baki mu ji gunji kawai.

Shi ya sa ya koyi barin fili.
Kalma ɗaya, ya haɗiye yawu, sannan wata.
Yakan ce, ki bari wutsiya ta fita
kafin ki sako wata akuya ta ƙofar.

Yau ni ce a Tawa, bayan Bilbis,
cikin ɗakin ƙarfe a gindin anten.
Waje rana na toya ƙasa,
ciki sanyin na'ura na cizon yatsuna.
Saƙo a nan ba ya bin hanya guda.
Muna raba shi ga muryoyi dubu da ɗori,
kowace da ɗan kayanta,
kamar albasar Galmi da aka rarraba wa amalanke
don kada jaki ɗaya ya durƙushe da ita duka.

Amma gari ma rijiya ne.
Amo na bugun kwanon kasuwa,
ya bugi tankin ruwa, ya kewayo ta tudu,
ya iso a makare yana jan ƙafa.
Sai mu yanko ƙarshen kowane furuci
mu liƙa shi a goshinsa,
ɗan zaure, abin zubarwa,
inda amsa-kuwwa za ta gaji ta kwanta.
Wannan shi ne yawun Baba.

Jiya wutsiya ta fi zauren tsawo.
Ta kutsa ɗakin da ba nata ba,
muryoyi suka shiga bakin juna.
Illiyasu ya ce mu faɗaɗa zauren mu huta.
Na ce, gidan da ya zama zaure duka,
ina masu gida za su kwana?

Na zauna na saƙa rariya ta lissafi,
ido goma sha shida, kowane da awonsa.
Ba kashe amo nake ba, wa ya isa.
Naɗe shi nake, kamar igiya gaba arba'in
da ke shiga cikin taiki guda in hannu ya iya.
Ɗan bakinta kullum yana leƙowa.
Na bar shi.

Sannan daidaito, murya bayan murya.
Akwai ƴan rakiya da muka san kamarsu tun gida,
su ke faɗa mana abin da hanya ta yi.
Wadda ta zo a karkace, in miƙe ta.
Wadda ta zo a raunane, in tallafe ta, amma da hankali:
mai tuntsure tulu don ɗigon ƙarshe
da laka yake sha.

La'asar salula ta yi ƙara. Baba ne.
Tun da ciwo ya shanye masa ɓari
harshensa na ja, kalma na hawa kan kalma,
ƙannena na cewa ba su gane shi.
Ni na san yadda yake kiran sunana tun gida.
Ya ce "Habsu", na auna karkatar,
na miƙe sauran da kunnena.

Tambaya yake ko an yi ruwa a Tawa.

Na ce ba a yi ba tukuna.
Na yi shiru, na haɗiye yawu,
ina jin numfashinsa na hawowa a hankali,
gaba ɗaya, gaba biyu,
ban sako wata ba sai da ya iso baki.